Zanen Tatsar Inna

Duk gidan an san Gajera saniyar Inna ce, kuma Inna ba ta gajiya da tuna wa mutane. Ita ta raine ta tun tana maraƙa, bayan uwar ta mutu, da tsumma take ɗiga mata madara a baki. Shi ya sa Gajera ba ta sakar wa kowa nono sai ita. Gona ta daɗe da komawa hannun Auta, ɗanta. Rumbu da tukunya suna hannun matarsa. Abin da ya rage wa Inna a gidan nan shi ne turken Gajera.

Sai ga shi ta zame a bakin rijiya, ta karye a wuyan hannu. Mai ɗori ya ce ko ludayi kada ta ɗaga.

Washegari matar Auta ta ɗauki ƙwarya ta durƙusa gindin saniya. Gajera ta riƙe nono ƙam, ta kai shuri, ƙwarya ta yi nata wuri.

"Ayya, sannu 'yar nan," in ji Inna daga kan kujera. Amma bakinta ya ƙi rufuwa. Ranar har ciwon ta manta.

Yarinyar ba ta da hayaniya, amma akwai wayo. Ta lura da tsohon zanen da Inna ke ɗaurawa in za ta tatsa, wanda ya sha madara da dusa har ya yi tauri. Da safe ta ciro shi daga ƙusa ta ɗaura. Gajera ta shinshina, ta yi tsaki irin na shanu, ta saki jiki. Sai ka ji nono na zuba tsar-tsar.

Auta ya leƙo yana dariya. "Inna, kin huta! Ashe zanen ne mai aikin."

Maganar nan ta soki Inna. Kishi ya turnuƙe ta, kishi na gaske, wai a kan dabba. Da rana kowa na gona, ta jefa zanen a kwano, ta zuba sabulu, ta tattake shi da ƙafa tunda hannu babu. Ta shanya shi fes.

"Ƙazanta ta yi masa yawa," ta ce da aka tambaye ta.

Dabarar ta ci kuwa, Gajera ta koma shuri. Inna ta yi barci mai daɗi.

Sai dai jikoki na kukan madara, dole matar Auta ta nemi wata hanya. Ta riƙa kai wa saniyar harawa da hannunta, tana ba ta kanwa tana lasa a tafinta, tana cire mata kaska, tana zama gefenta tana tsinkar wake. A hankali nono ya dawo, ba zanen kowa. Da Inna ta bar zanen da dattinsa, da har yau warinta Gajera ke bi.

Ranar da aka kwance ɗori, Inna ta shafa man zafi, ta karɓe ƙwaryar ba ko sallama.

"Matsa, mai abu ta dawo."

Ta durƙusa, ta kira sunan saniyar da muryar da ta saba. Gajera ta shinshina hannun, ta kau da kai. Inna ta ja, ta matsa, ta lallaba. Ko ɗigo.

"Inna, warin man ne kawai," in ji matar Auta a hankali. "Bari in kama miki kanta."

Ta zagaya ta tsaya gaban saniyar, tana sosa mata wuya. Gajera ta ɗora haɓa a kafaɗarta, ta lumshe ido. Nan take nono ya ɓalle, har yana fallatsa wa Inna a zane.

Auta ya tafa hannu. "Kin gani? Ba ta manta ki ba!"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tatsa, idonta ya ciko, don ta fi kowa sanin wadda aka sakar wa nonon nan.