Akawun Ɗin Musaddiq

Shekara huɗu Hafiza ta yi tana hawa motar Dapaong daga Sokodé, tana binciken digirinta na uku a kan masu aiki ta intanet. A jami'a an sha gaya mata cewa 'yar zango, unguwar Hausawa baƙi, ba ta kai ƙarshe. Ta haɗiye, ta ci gaba.

A Dapaong ta samu mata biyar a shagon wata tela, Jannatu. Muryoyin Hausa suke saurare suna rubutawa wa wani kamfanin waje. Kamfanin ba ya ɗaukar marar takardar gama sakandare, saboda haka da sunan Musaddiq, ƙanen Jannatu mai haya da babur, aka buɗe akawun ɗin aikin a intanet. Matan suka riƙa karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya, wannan ta tashi girki, waccan ta zauna. Jannatu ta bar Hafiza ta ga komai, ta ce amma kada maganar ta fita daga shagon. Hafiza ta yi alkawarin sauya sunaye.

Ta kuwa sauya. Sai dai malamin da ya fi raina ta ya ce babin da ta rubuta a kan matan ba shi da hujja, wai tatsuniyar zango ce. Zuciya ta ɗebe ta, ta ƙara sunan garin, da irin aikin, da jadawalin da ke nuna akawun ɗaya bai huta ba daga asuba zuwa magariba. Aka buga, aka tafa mata a taro. Wata biyu bayan haka kamfanin ya rufe akawun ɗin.

Da Hafiza ta koma Dapaong, Jannatu ta ba ta ruwa, ta tambayi mutanen Sokodé ɗaya bayan ɗaya, ƙafarta na kan keken ɗinki. Hafiza ta fara bayani, ta ce za ta rubuta wa kamfanin, ta ce ai ita ma 'yar zango ce kamar su.

"Ƙanwata, ke kina da takarda," in ji Jannatu. "An ce sun ba ki koyarwa ko? Allah ya sa albarka."

Hafiza ta rubuta wa kamfanin wasiƙa bakwai, ba amsa. Tana koyarwa yanzu, ba ta sunkuyar wa kowa da kai a jami'ar. Amma duk shekara in aka zo kan babin nan, sai ta ce wa ɗalibai su karanta a gida.