Yau Ita, Gobe Shi

Ranar Talata likita ta rubuta wa Auta ƙwayar sitiroyid, maganin kumburi, daga ranar kuma zaman lafiya ya bar gidana.

Auta 'yata ce. Bayan ta haihu gaɓɓanta suka kumbura, har murfin kwalba ya gagare ta. Mijinta direba ne, ya fi kwana a hanya, shi ya sa ta dawo wajena da jaririn. Na ba ta ɗakin da ke kallon titi, na koma cikin littattafaina, waɗanda aƙalla ba sa kuka.

Ban daɗe ba na lura wahalar gidan tana da tsari. Yau yaron ne ke tsala ihu, yana ture kwalbar madara kamar an zage shi, uwar kuwa garau, har wanke-wanke take yi. Gobe yaron ya ƙoshi ya yi barci, ita kuma tana zaune bakin gado ta kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Jibi a sake juyawa.

Na tsare ta a kicin. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa. Yayar mijinta, wadda ta yi karatun likitancinta a wayar hannu, ta ce mata maganin yana bin nono ya tsumburar da yaro. Auta ta kasa barin maganin, ta kasa yaye jariri, sai ta raba musu kwana. Ranar da ta sha, babu nono. Ranar nono, babu magani.

"Adalci na yi, Baba."

"Kin yi. Kowa ya samu rabonsa na azaba."

Washegari na sa ta a gaba muka tafi asibiti. Rabona da wurin tun ranar da na shiga da uwarta na fito da jakarta kawai. Bencin yana nan, fankar tana nan tana juya zafi. Na riga na yanke cewa likita za ta ce a zaɓi ɗaya, na kuma san Auta: nono za ta zaɓa, ta bar jikinta ya lalace. Don haka na zauna ina shirya maganar da zan yi mata, ina gyara ta kalma bayan kalma.

Likitar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, abin da ni ban iya ba. Ta ce abin da ke shiga nono daga wannan ƙwaya kaɗan ne ƙwarai, kuma a adadin da ta rubuta ba a hana shayarwa. Ta riƙa sha kullum da safe, da zarar yaron ya gama tsotso. In wata rana aka ƙara yawan maganin, za ta gaya mata ko ta ɗan jinkirta shayarwa bayan ta sha. Abin tsoron, in ji ta, shi ne wannan sha yau a bari gobe, domin ba magani ba ne da ake yankewa kai tsaye. Nauyin yaron kuma za su riƙa dubawa.

"To ba zai tsumbure ba?" in ji Auta.

Likitar ta leƙa fuskarsa. "Da waɗannan kumatun?"

Ko gida Auta ba ta jira mu kai ba. A bencin baranda ta zauna, ta ja mayafi ta ba shi. Ya kama da fushin wanda aka daɗe ana yi wa wasa da haƙƙi. Tana dariya, hawaye na zuba. Ta ɗago ta tambaye ni me nake ta motsa baki a kai tun ɗazu. Na ce fankar nake zagi.

Maganar da na shirya ba ta da sauran amfani, kuma na gode wa Allah. Gajera ce, ga ta nan: Yaro zai rayu da madarar gwangwani, Auta, amma ni ba zan iya sake fita daga asibitin nan ni kaɗai ba.