Ƙarfen Labulen Sis' Vuyelwa

Karo na biyar ke nan sandar ta faɗi a kan siminti, kuma wannan karon Liyema ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

"Na daina, Makhulu," in ji ta. "Hannuna ya lalace."

Makhulu take ce min, wato kaka. Jikata ce, shekararta goma sha uku. A daidai waɗannan shekarun uwarta ta fara zaman yamma a bakin shagon kan kwana, har wata rana ta bi mota zuwa Cape Town, ba mu sake ganinta ba. Abin da ya raba Liyema da bakin shagon nan shi ne wannan sanda. Daga ƙarfe uku zuwa biyar tana filin makaranta da 'yan matan fareti, suna juya sandar ƙarfe, su cilla sama su cafe. Ranar Asabar za a zaɓi masu zuwa gasa a East London, ga shi tana cewa ba za ta je ta sha kunya ba.

Sai aka ƙwanƙwasa bango sau uku.

Maƙwabciyata ce, Sis' Vuyelwa. Shekara talatin tana koya wa 'yan matan garinmu Mdantsane wasan nan, ita ta fara ɗora wa Liyema sanda a hannu. Wata huɗu ke nan tana kwance, asibiti sun sallamo ta da maganin rage ciwo kawai. Ni kuwa na hana yarinyar shiga, don ba na so ta ga yadda ta koma.

Na same ta jingine da filo, numfashinta sama-sama.

"Kawo min mai zubar da ƙarfen nan," ta ce. "Tun Litinin ta hana ni mutuwa cikin natsuwa."

"Haba Sisi, daina irin wannan magana."

"To ki daina ɓoye min yarinya. Ramewa na yi, ba dodo na zama ba."

Liyema ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga ta kasa matsowa, na ce a raina na yi kuskure.

"Matso. Miƙe hannunki."

Sis' Vuyelwa ta karɓi sandar, ta sa kan a hammatar yarinyar, ta kwantar da ita a kan hannun. Ba ta da ƙarfi, sai da na tallafe mata gwiwar hannu. Yatsun Liyema sun wuce ƙarshen sandar da kusan faɗin yatsa uku.

"Ga ɓarawon," in ji ta. "Hannunki lafiyarsa lau, tsawo ya ƙara. Sanda daga hammata take zuwa kan yatsan tsakiya. Kowace Janairu nake auna ku, bana ina kwance, ba wanda ya tuna." Ta huta. "Laifina ne, ba naki ba."

Ta ɗaga ido ta dubi taga. "Ciro min ƙarfen labulen can."

"Rana za ta dame ki, Sisi."

"Ta dame ni. Na gaji da kallon furannin labule."

Na hau kujera da tsufana na ciro shi. Ta auna, ta yi alama da jan farce, ta ce kada in kuskura in wuce layin. Na zauna a dokin ƙofa da zarton marigayi mijina, ina yanka ina jin tarinta, duk lokacin da ya tsaya sai ni ma in tsaya in saurara.

Robar kai ɗaya ta tsohuwar sandar ta shiga kan sabon ƙarfen daidai. Ɗayar ta tsage saboda yawan faɗuwa. Sis' Vuyelwa ta nuna sandar dogarawarta da ke jingine a bango.

"Cire robar ƙasan."

"Da me za ki taka in kin tashi?"

Ta dube ni kawai, ta ɗan yi murmushi. Na cire, ban iya haɗa ido da Liyema ba.

"Za ta yi miki nauyi kwana biyu," ta ce wa yarinyar. "Kada ki zarge ta, kada ki zargi kanki. Je ki tsaya inda zan gan ki."

A ranar sandar ta faɗi sau bakwai. Washegari sau huɗu, ina ƙirgawa daga kicin. Ranar Alhamis da safe, ina dama kunun da zan kai wa Sis' Vuyelwa, ƙanwarta ta leƙo ta kan shinge ta girgiza kai.

Liyema ta dawo daga makaranta ta tarar da mata cike da gidan Sis' Vuyelwa. Ba ta yi kuka ba. Ta shige ɗakinta ta rufe, ni kuma na zauna cikin masu makoki ina kallon agogo, ina tunanin shagon kan kwana. Aka sa ni in kwashe kayan gadon. Na jingine sandar dogarawar a bango, ta zame ta kwanta, na sake jinginewa ta sake zamewa, sai na bar ta a ƙasa.

Ƙarfe uku daidai, ta tagar da ba labule, na ga wani abu ya haura saman shinge yana walƙiya a rana, ya sauko. Na riƙe zanin gadon a ƙirjina ina jiran ƙarar siminti.

Sai ya sake haurawa.