Sitiyari a Dama

Da Alhaji Tamimu ya ajiye tuƙin tasi, mutanen unguwarsu ta University Heights a Bronx sun ɗauka garinsu Kumasi zai koma ya huta. Ya doshi shekara saba'in, bayansa ya fara damunsa, 'yarsa tilo Khairunnisa kuma ta yi aure ta bi mijinta Ohio. Sai ga shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana nuna wa abokai hoton wata tsohuwar bas a waya, fara mai ratsin kore. Ya ce daga Japan za a kawo masa ita. A cikinta akwai gado da risho da ɗan firji, rufinta kuma ana ɗaga shi har mutum ya miƙe tsaye.

Habibou, bakaniken Damagaram mai gareji a Soundview, ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Alhaji, sitiyarin nan a dama yake."

"Na gani."

"A garin nan za ka tuƙa ta?"

"A kan irinta na koyi tuƙi," in ji Tamimu. "Kafin Ghana ta sauya hannu duk motocinmu haka suke. Hannuna bai manta ba."

Matarsa Hajiya Salima, 'yar Maraɗi mai shagon atamfa da turaren wuta, ita ce ta ƙarshen ji. Ta ƙare wa hoton kallo.

"Mutane na sayen sabuwa, kai ka aika ƙetaren teku a kawo maka wadda ta girmi ɗiyarka."

Ya yi mata bayani cewa dokar ƙasar ce haka, ba a barin irin wannan mota ta shigo sai ta cika shekara ashirin da biyar.

"Wato sai ta tsufa ake ba ta biza," in ji Salima. "To mi za ka yi da ita?"

Nan ya faɗi abin da bai faɗa wa abokai ba. Khairunnisa tana da ciki, gidansu kuwa ɗaki ɗaya ne da falo. Shi ba zai kwana a falon surukinsa ba, yaron ya fito da safe ya tsallake shi yana kwance. In da mota mai gado, sai su je su ga jikansu duk lokacin da suka so, su kwana a nasu wurin. Salima ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta ƙara magana a kai ba.

Motar ta yi watanni a hanya. Tamimu ya yi ta zirga-zirga tsakanin kwastan da inshora da masu ba da lamba, har Habibou ya fara kiranta amarya mai nisan gari. Ranar da aka sake ta, tare suka je tashar jiragen ruwa a New Jersey. Tamimu ya kewaye ta yana shafa jikinta, ya shiga ya murza makulli. Injin ya kama da rugugin dizal, sai wata muryar mace ta fito daga gaban motar ta yi wata doguwar magana da Japananci. Suka dubi juna.

"Gaishe ka take," in ji Habibou.

A kwanar farko Tamimu ya kai hannu zai ba da sigina, sai waifa ta hau share busasshen gilashi. Ya kai hannun dama neman giya, ya bugi ƙofa. Habibou ya juya fuska waje yana danne dariya, bai tuna masa maganar hannun da bai manta ba.

Salima ta ƙi shiga motar har sai da aka yi wani suna a Port Richmond, kuma ta ga ba za ta iya ɗaukar kulolin abinci a jirgin ƙasa ba. Ta zauna a kujerar hagu, inda ta saba ganin direba, ba sitiyari a gabanta. Duk motar da ta taho daga ɗaya hannun sai ta ga kamar kanta za ta yo, ta riƙa taka ƙasa da ƙarfi tana neman birkin da babu.

A wata mahaɗa Tamimu zai karya hagu, ga babbar mota ta tare masa gani.

"Hajiya, duba mini."

Ta leƙa. "Dakata. Akwai ɗaya. To, tafi."

Tun daga nan aikin ya zama nata. In zai wuce mota sai ta duba, in an zo ƙofar fakin ita ke miƙa hannu ta ciro tikiti. Suna kan gada ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, kan cewa shinkafar maƙwabciyarsu kullum sai ta caɓe, ba don ya ji ba. Sai ta ji ya yi dariya. Kunnen Tamimu na dama ya mutu tun wani zazzaɓi da ya yi yana saurayi, don haka duk shekarun aurensu in suna cikin mota, ita tana damansa, sai ta ɗaga murya ko ta yi shiru. Yawanci shirun take yi. Yanzu ga ta a gefen kunnen mai ji.

"Ashe sai na kula da bakina," ta ce.

"A'a, ci gaba. Wa kuma?"

A hanyar dawowa Khairunnisa ta kira ta bidiyo. Salima ta riƙe wayar da hannu ɗaya, tana ɓare lemo da ɗayan, sai fitilar 'yan sanda ta haska a bayansu. Tamimu ya gangara gefe. Ɗan sandan, wani matashi, ya nufo tagar hagu da fuska a ɗaure, ya nemi lasin. Salima, wadda ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, ta nuna masa mijinta da ɓawon lemo. Matashin ya leƙa, ya nemi sitiyari a gabanta bai gani ba, ya hango shi can a hannun tsoho. Ya kewaya ya duba takardu, ya tambayi shekarar motar, daga ƙarshe ya roƙi a buɗe masa ya ga gadon. Khairunnisa tana kan waya duk tana ji, tana dariya tana tambaya da Turanci ko an kama Mama.

Riƙon motar ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙofarta ta gefe a hagu take, tana buɗewa cikin titi, don haka Tamimu yakan yi ta zagaye neman wurin fakin a hannun da ya dace. Maɓallanta duk rubutun Japan ne, sai da ya danna su ɗaya bayan ɗaya ya gane na hita mai ɗumama motar da na fitilar ciki. Da sanyi ya shigo aka fara watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, duk Asabar yakan kai ta garejin Habibou a wanke ƙarƙashinta a fesa mai saboda tsatsa. Da safe sai ya jira wata 'yar fitila ta mutu kafin injin ya yarda ya tashi. Habibou ya ce kada ya damu, irin injin da ke cikin motocin haya na Maraɗi zuwa Damagaram ne, wahala ba ta kashe shi.

Salima kuwa ta cire tsofaffin labulen ta ɗinka sababbi da ragowar atamfar shago. In motar tana kusa, bayan azahar takan kira ƙawayenta biyu su shiga su dafa shayi a kan risho, su ja labule su yi hirarsu, ba yaran kowa ba mijin kowa.

Ana tsakiyar sanyi wata safiya allurar zafin injin ta haura, ruwa ya tsiyaye ƙarƙashin motar. Habibou ya zo ya duba ya ce famfon ruwan injin ne ya mutu. Ya nema a Bronx, ya nema a Queens, ba wanda ya ma san motar. Suka yi oda daga waje, aka daɗe, da ya zo sai ramukan kusoshinsa suka ƙi dacewa. Motar ta zauna a bakin titi. Duk ranar sharar titi sai an taru an tura ta ɗaya gefen, in motar shara ta wuce a turo ta. Tun mutane na zuwa da wasa da dariya har suka fara raguwa. Wata rana Tamimu ya sa kafaɗa da kansa, bayansa ya riƙe, ya yi kwanaki yana salla a zaune.

A cikin haka Khairunnisa ta haihu, mace, kafin lokacin da aka zata. Suka bi bas ta haya zuwa Ohio. Abin da Tamimu ya guda shi ya same shi: a falon surukin aka shimfiɗa masa. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, har takalmi yake cirewa in zai wuce, amma Tamimu kafin asuba ya naɗe shimfiɗa ya zauna a kujera da hularsa kamar baƙon da ya iso yanzu. Bayan suna ya dawo shi kaɗai. Salima ta tsaya ta yi wa 'yarta wankan jego, sannan ta biyo baya saboda shago.

Ta same shi ya rame, ya daina ko leƙa motar ta taga.

"Sayar da ita zan yi," ya ce. "Wani Bature a Long Island yana so. Kin faɗa tun farko."

"Ban ce ka sayar ba."

"Tsufa ne ya sa ni wauta."

Washegari ta rufe shago da wuri ta tafi Soundview. Habibou ya fito yana goge hannu, ya rusuna ya gaishe ta.

"Habibou, ba kai ka ce injin nan irin na motocin gida ne ba?"

"Shi ne, Hajiya."

"To in na gida ya lalace, Japan suke aikawa?"

Ya dafe goshi yana murmushi. Ya ɗauko tsohon famfon ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe, har da lambar da ke jikinsa. Salima ta tura wa ƙanenta Yacouba a Maraɗi. Yacouba ya shiga kasuwar kayan gyara da wayarsa a hannu, kafin la'asar ya turo hoton famfo sabo a cikin kwalinsa. Wata 'yar kasuwa da ke dawowa daga Yamai ta sako shi cikin kayanta, an naɗe shi da zane tsakanin kuka da daddawa.

Salima ta ajiye ƙunshin a gaban mijinta bayan ya ci abinci. Ya kwance zanen, ya juya ƙarfen a hannu, ya kai hanci.

"Warin daddawa yake."

"Haka zai yi aikinsa."

"Ke da ba kya son motar."

"Labulena na ciki," in ji ta, ta kwashe kwanuka.

Habibou ya ɗaura famfon, kusoshi suka shiga ramukansu ba gardama. Aka bar injin yana aiki har shayi ya dahu, allura ba ta motsa daga tsakiya ba. Tamimu ya kira Baturen ya ba shi haƙuri.

Da sanyi ya wuce, ganye ya fito, suka kama hanyar Ohio. Motar ba ta da sauri, manyan motoci suna wuce su a kan tuddan Pennsylvania, ba su damu ba. Suka tsaya a wani wurin hutawa suka ɗaga rufi, Salima ta ɗumama miya, suka yi salla a kan ciyawa. Da yamma suka isa, surukin ya riga ya cire motarsa ya bar musu filin ƙofar gida, ya ja musu wayar lantarki ta taga.

Washegari da hantsi Khairunnisa ta fito da jaririyar a kafaɗa, idanunta sun yi ja. Ta ce yarinyar ba ta barci, ba ta bari a yi, tun jiya kuka take. Tamimu ya ce a ɗauko kujerar jaririyar a ɗaure a baya, su ɗan zaga ta sha iska. Khairunnisa ta zauna kusa da ita ta ɗaura bel.

Ba su kai ƙarshen layin ba kukan ya fara sauka. Rugugin injin yana bin ƙasan motar a hankali, yarinyar ta yi hamma, ta saki hannu. Da suka zagayo ƙofar gida Tamimu ya rage gudu zai tsaya. Salima ta waiga baya. Khairunnisa ma ta yi barci, kanta ya jingina da taga, yatsanta ɗaya a cikin hannun 'yarta.

Salima ta taɓa hannun mijinta ta yi masa nuni ya wuce. Ya wuce gidan, ya bi ta gefen wata makaranta da wani filin ƙwallo, ya sake zagayowa. Surukin yana tsaye a ƙofa da kofin shayi, ya ɗaga musu hannu, suka ɗaga masa. Haka suka yi ta yi har aka kusa azahar.