Ƙarfen Dogo a Rufin Masallaci

Kun gani, kuka kau da kai. Shekara goma sha ɗaya ana ɓanɓare layin dogo a ƙauyen Mithri Goth, kowa yana cewa ambaliya ce ta cinye.

Bachal ya san ƙarya ce. Shi ne mai sauya wa jirgi layi a tashar. Da jirgi ya daina zuwa, da hannunsa ya kwance ƙarfe biyu ya ba masallaci sadaka, aka ɗora rufi. Jama'a suka bi sahu, har rumfar baunar kiwo aka rufa da ƙarfen dogo. Auduga ta koma bin titi, kuma motar auduga ce ta murƙushe 'yarsa Zebu tana dawowa daga asibiti.

Tun ranar, in ya yi sujada sai ya ji ƙarfen rufin yana gurnani, kamar da, lokacin da yake kara kunne a layi ya san jirgi ya taso. Ji yake wani jirgi ne ke tafe, Zebu tana ciki.

Ranar Juma'a liman, Molvi Siddiq, ya ce injiniyan gwamnati na tafe: in ƙarafan suna nan za a gyara layi, in babu, a faɗaɗa titi.

"Ambaliya ta ci, shi ke nan," in ji Jumman mai manyan motoci.

Bachal ya miƙe, ya fuskanci liman. "Sain, ranka ya daɗe, sadakar da na yi, ta karɓu?"

"Chacha, baffana, zauna mana," in ji Jumman yana dariya. "Ko jirgin naka ne ya sake yin oda? Wa zai kwance ɗakin Allah saboda tsatsa?"

Liman ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan rufin. "Ba naka ba ne ka bayar, Bachal. Dukiyar jama'a ce. Ni ma na sani, na yi shiru don inuwar ta yi mini daɗi."

Bayan sallama Bachal ya jingina tsani, ya hau da guduma. Ƙasa ta zubo kan tabarmi, rana ta faɗo sahun gaba. Da aka sauke ƙarafan, ya kara kunne a ɗaya. Shiru, karo na farko.

Ƙarfe biyu kenan. Saura ɗari huɗu, kuma kun san inda suke. Ku ɗaga kai ku dubi rufinku, ku sauke abin da ba naku ba, ku kai tasha kafin injiniya ya iso.