Zagin Baba Ubale Ya Shiga Waya

Zayyad mai cajin waya yana da shafi a Fesbuk, inda yake zuba duk abin da kunnensa ya kwaso a kasuwar Maigatari. Ni da nake sayar da shayi kusa da shi na sha gaya masa baki shi ke yanka wuya, sai ya ce ai shi ba ya kama suna.

A jikin rumfarsa Baba Ubale yake shimfiɗa igiyoyin ɗaure dabbobi. Bamange ne daga Gumel, kuma yana da amini, Malam Sha'aibu, Bafillace daga wata ruga ta wajen Sule Tankarkar. Kowa a nan ya san wasan da ke tsakanin Mangawa da Fulani: in ba su zagi juna ba, to ba lafiya. Duk ran Alhamis in Sha'aibu ya kawo dabbobi, mu har jira muke a fara.

Ran nan Baba Ubale na hango shi ya ɗaga murya.

"Ga bawana ya iso! Kai ɓarawon gona, hatsin wa shanunka suka cinye yau?"

"Rufe mana baki," in ji Sha'aibu. "Kakanka da ƙwaryar nono ɗaya kakana ya saye shi, har yau muna cizon yatsa."

Suka tafa, suka sha fura a ƙwarya ɗaya. Zayyad kuwa sai ya rubuta maganar Baba Ubale ita kaɗai, wai ta fi daɗi, ya ce wani dattijo mai igiya ne a Maigatari ya faɗa wa Bafillace. Dattawa nawa ke sayar da igiya a layinmu?

Kafin Asabar maganar ta isa garuruwan da ba su san Mangawa ba, balle wasansu. Masu tsinuwa na yi, masu cewa a kamo tsohon na yi, wani ma ya rubuta cewa ya san rumfar. Zayyad ya goge, amma an riga an ɗauki hoton rubutun ana ta yaɗawa. Ya sake rubuta bayani cewa wasa ne, babu wanda ya kula.

Jikan Baba Ubale ne ya karanta masa komai. Tsohon ya daina cin abincin kirki. Zayyad ya je har Gumel ya durƙusa.

"Baba, a yafe mini."

"Shi Sha'aibun ya ji?"

"Yaransa suna da waya, Baba."

Gaskiya ni ma tsoro ya kama ni, don na ji ana cewa samarin rugar sun fusata, kuma a shekarun nan ƙaramar magana kan gona da shanu ba ƙarama ba ce.

Alhamis ta zo. Zayyad ya kasa zama, ko wane babur ya tsaya sai ya miƙe. Da hantsi sai ga Sha'aibu, sanda a kafaɗa, shi kaɗai. Na sauke ajiyar zuciya. Ya tsaya a gaban igiyoyin yana murmushi, yana jiran a tare shi yadda aka saba.

Baba Ubale ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Malam Sha'aibu. Ya iyali?"

Murmushin ya ragu.

"Kai Bamange, ni kake kira Malam? An gaya mini shirmen yaran nan, na ce musu bawana ne, ba ruwan kowa. Zage ni mana in zauna."

Baba Ubale ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan wayoyin da ke jere a teburin Zayyad, da samarin da ke tsaye suna jiran caji, kowa da tasa a hannu.

"Allah dai ya ba mu zaman lafiya," ya ce a hankali.

Sha'aibu ya amsa da amin, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo, ya nufi kara wajen cinikin dabbobi, bai zauna ba.