Ranar da Desmond Ya Juya wa Jama'a Baya

"Ba zan hau ba," in ji Desmond. "Ku nemi wani."

Yana tsugune a bayan tayar babbar motar da aka mayar dandamalin kiɗa, ya rungume jitarsa, ya kafe ido a ƙasa. A saman kansa mai sanarwa yana ta kwarara ihu a lasifika: 'yan Taya Uku na garin Mirrinji su shirya, saura minti goma, wanda aka kira bai hau ba ya fita daga gasa.

Barney mai ganga, yayan matarsa, ya leƙo ta ƙarƙashin motar.

"Wane wani, angon Rhoda? Duk dajin nan wa ya iya jita in ba kai ba? Ko karen Mama zan miƙa wa?"

"Kar ka ambace ta."

"Ai kare na ambata."

Desmond bai yi dariya ba. Leƙe ɗaya ya yi ɗazu ta tsakanin tayoyi, ya hango gefen wani jan bargo da ƙafafun wani farin kare, ya sauke kai da sauri. Ya san bargon, ya san karen. Maudie Nangala ce, uwar Barney, uwar matarsa Rhoda, ta shimfiɗa bargonta taku biyar daga bakin motar, daidai inda duk mai kiɗa zai fuskanta.

A al'adarsu kuwa, namiji ba ya duban surukarsa. Ba ya yi mata magana, ba ya kiran sunanta, in ta shiga kanti sai ya jira a waje ya ce ba wuri. Shekara huɗu da aurensa Desmond bai taɓa kuskure ba. Duk kangarun da ya harbo, wutsiyar tata ce, ta hannun Rhoda. Yau a ce ya tsaya a kan mota yana karkaɗa ƙugu a gabanta, mutanen gari shida suna kallo? Gara ƙasa ta buɗe.

Sai dai abin da ke gabansu ba ƙarami ba ne. Wannan gasar wasanni ta shekarar 1981 ita ce ta farko da aka haɗa da gasar makaɗan zamani na rok, kuma wani ma'aikacin rediyo ya zo tun daga birnin Alice Springs da na'urar ɗaukar murya. Waƙar da ta ci ita za a sa a rediyo.

Desmond ya daɗe yana jiran rana irin wannan. Yana yaro a sansanin makiyaya ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwanin fulawa da wayar birki. Ya yi shekara shida a kan doki yana bin shanun wani Bature kafin ya sayi ta lantarki, ja, mai tabon wuta a gefe. Shi da Barney da Elwyn suka fara gwaji a tsohon shagon gyaran mota, Barney yana dukan durom ɗin fulawa, janaretan asibiti yana tari. Ranar fitarsu ta farko tayar motarsu ɗaya ta fashe, suka shigo gari suna jan ƙarfe a ƙasa, mata suna tafi suna dariya. Sunan ya bi su tun daga ranar.

Elwyn mawaƙi ya iso da gudu, rataye da babbar jita mai kaurin murya. Ya girmi Desmond da shekara biyar, amma a tsarin dangi ɗansa ne, kuma ba ya bari a manta.

"Baba, tashi. Kana ba ɗanka kunya."

"Ba wuri, Elwyn."

"To kaɗa daga nan ƙarƙashin mota. Wa zai sani?"

Suka ja wayar jitar. Ta zo bakin motar ta tsaya, saura kamu uku.

"Mu kifa masa bokiti a ka," in ji Barney. "Dama fuskar ba ta sayuwa."

"Rhoda!" Desmond ya kira. "Ina Rhoda?"

Ta zo da gwangwanin shayi a hannu, cikinta na wata bakwai yana gaba, ita tana baya.

"Don Allah je ki roƙe ta ta koma inuwar bishiyar can," ya ce. "Ki ce rana za ta yi mata yawa."

"Na gaya mata."

"Ta ce me?"

"Ta ce ta girmi ranar."

Barney ya fashe da dariya har ya buga kai a ƙarfen mota.

"Wai me ya kawo ta?" Desmond ya ce. "Shekara biyu tana cewa kiɗanmu kamar an taka jelar jaki. Har sansaninta ta ɗauke ta kai bayan rafi don kar ta ji mu."

Rhoda ta kurɓi shayi, ta dubi sama.

"Wataƙila wani ya gaya mata sabuwar waƙarku a kan rijiyar dutsen da aka haife ta ce."

"Wane ne wanin?"

"Oho."

Saura minti huɗu, in ji lasifika. Makaɗan da ke sama suka buga gangar ƙarshe, aka ɗan tafa musu. A cikin shirun da ya biyo baya wata murya ta tashi daga gaban motar, tsohuwar murya mai kaifi, wadda ta saba kiran jikoki daga nesa.

"Kai, Biskit! Zo nan in tambaye ka."

Desmond ya sandare. Da karenta take magana. Doka ba ta hana tsohuwa hira da karenta ba, ba ta kuma toshe kunnen wanda ke kusa ba.

"Biskit, ni na tako tun safe da ciwon gwiwa don in ji an rera ƙasata. An ce akwai wani mai jita. To kai da kake da wayo, gaya mini, da ido ake kaɗa jita ko da yatsu?"

Karen ya yi hamma.

"Haka na ce ni ma. Kuma mutumin nan, Biskit, Allah bai ba shi ƙeya ba ne? Ni dai ban taɓa jin an hana tsohuwa kallon bayan riga ba. Sai in rigar ce ba a wanke ba."

Matan da ke kusa da ita suka kwashe da shewa.

"Jiya na wanke ta!" Rhoda ta ɗaga murya.

Elwyn ya dubi Desmond, haƙora duk a waje.

"Baba, ka ji abin da aka gaya wa kare."

Desmond ya miƙe. Ya zagaya ta gefen motar da baya da baya, Elwyn ya riƙe masa gwiwar hannu kamar mai jan makaho. Ya taka taya, ya haye, ya tsaya fuskarsa na kallon kan mota, ƙeyarsa na kallon mutum ɗari biyar.

Filin ya yi tsit. Can wani daga 'yan ƙwallon wani gari ya yi ihu, "Kai mai jita, muna nan ta baya!" Wata mata ta ce masa ya yi shiru, bai ga wadda ke zaune a gaba ba? Sai dariya ta bi fili kamar wutar ciyawa, dariyar waɗanda suka gane, don kowane namiji a wurin ya taɓa ɓuya a bayan kanti.

Desmond ya ɗaga kai. Gilashin bayan kan motar yana nuna masa taron duka, har da jan abu a ƙasa.

"Barney! Gilashi!" Ya runtse ido.

Barney ya tuɓe rigarsa ya rataya a kan gilashin, ya zauna da tumbinsa a waje, ya ɗaga sanduna.

"Yau Mama za ta ga abin da ta haifa. Ɗaya, biyu, uku!"

Desmond ya sauke hannu a kan wayoyin.

Kukan farko da jitar ta yi sai da tsuntsaye suka tashi daga tankin ruwa. Ya saba kallon bakin Elwyn don ya san inda zai shiga, yanzu babu bakin, sai kunne. Ya shiga da wuri, ya gyara, ya sake shiga. A baiti na biyu ya daina lissafi. Elwyn yana rera sunan rijiyar da harshensu, da jan dutsen da ke kanta, da hanyar da aka bi da mutanenta a motar gwamnati aka raba su da ita, jitar kuma tana amsa masa kamar mace mai kiran 'yan'uwa daga tsallaken rafi.

Ba ya ganin komai sai Barney. Don haka a fuskar Barney ya karanta filin. Da farko gira a haɗe. Sannan ido ya buɗe. Sannan baki ya buɗe, har sanda ɗaya ta kusa kuɓucewa.

"Mene ne?" Desmond ya yi ihu.

"Kar ka waiwaya!"

"Me ya faru?"

"Na ce kar ka waiwaya! Kaɗa!"

Sai ya ji shi ta tafin ƙafa. Dif, dif, dif, ƙasa tana amsawa har cikin katakon mota. Irin takun da mata ke yi ne a rawar gargajiya, ƙafa biyu a tare, amma a kan kiɗan rok. Taku ɗaya ne da farko. Ya zama goma. Ya zama abin da ba ya ƙirguwa.

"Mama ce!" muryar Rhoda ta ratso daga gefe, rabi dariya rabi kuka. "Ta jefar da sandarta! Ita ke gaba!"

Desmond ya ji hawaye na bin kumatunsa, ya gode wa Allah da ba mai gani sai Barney. Ya lanƙwasa waya ta sama har ta yi ƙara kamar za ta tsinke. Waƙar minti huɗu ce, suka yi sha biyu. Mutumin rediyo ya juya kaset yana rawa da kai.

Ba a ma tsaya ƙirga tafi ba. Mai sanarwa ya ce Taya Uku, filin ya ɗauka.

Da baya da baya Desmond ya sauko, ya koma bayan tayarsa ya zauna yana haki. Rhoda ta zo ta ajiye masa ƙunshi a cinya: burodi mai zafi da aka gasa a toka da guntun wutsiyar kangaru.

"An ce in ba Biskit," ta ce. "Amma wai ya ƙoshi."

Ya kai loma ta farko baki ke nan sai wata doguwar farar mota mai kujeru ta kutso filin, ta tsaya dab da su. Wata Baturiya mai jan gashi da takalmin sojoji ta diro, ta cire tabarau.

"Ina mai jitar nan da ba ya kallon mutane?"

Barney da Elwyn suka nuna shi a tare.

"Sunana Glenda. Ina shirya wasanni a Adelaide, can bakin teku, kuma tun daga bakin hanya na tsaya ina kallonku. Mako uku, gari tara. Amma da sharaɗi: kai da bayanka, da tsohuwar nan mai rawa. In babu ita, babu tafiya." Ta bugi jikin motar da tafin hannu. "Duk za ku shiga nan. Kwana biyu ne kawai a hanya."

Desmond ya dubi motar. Ƙofa ɗaya gare ta.

Daga can gaban dandamali tsohuwar murya ta tashi.

"Biskit! Ɗauko bargo. Ka taɓa ganin teku?"